Tambaya kafin bulala: yadda ake gane ɗalibin da ya shiga matsanancin hali da abin da ya kamata a yi masa

Kowace makaranta tana da littattafan da take adana bayanan ɗalibanta: rajistar kiran suna, takardar sakamakon jarrabawa, littafin masu laifi, da jerin waɗanda ba su biya kuɗin makaranta ba. Ɗalibin da rayuwa ta yi wa ƙunci har ya kasa ɗaukar abin da ke kansa yakan bayyana a cikin waɗannan littattafai makonni kafin wani ya ji labarin daga bakinsa. Sunansa zai yawaita cikin masu fashin aji, makinsa zai faɗi a darasin da a da shi ne kan gaba, za a rubuta shi cikin masu barci a aji, ko masu faɗa, ko masu mayar wa malami magana. Matsalar ita ce muna da fassarar waɗannan alamomi a shirye tun kafin mu tambaya, kuma fassarar ba ta wuce lalaci, ko taurin kai, ko rashin tarbiyya, ko bin abokan banza. Da zarar an yi wannan fassara, abin da ke biyo baya sananne ne: bulala, ko yankan ciyawa, ko kora ta mako biyu, ko a kira uba a karanto masa laifuffukan ɗansa a gaban ɗan. A ganina, babban abin da makarantunmu suke bukata a wannan fage shi ne su saba da yin tambaya kafin yanke hukunci, domin mutumin da ya fara ganin ɗalibi a cikin matsanancin hali kusan kullum ba likita ba ne; malamin aji ne, ko abokin zama a ɗakin kwana, ko mai gadin ƙofa, ko matar da ke sayar da abinci a bakin makaranta.

Ya kamata a rarrabe abubuwa biyu da ake yawan haɗawa. Baƙin ciki da fargaba da ɓacin rai suna cikin rayuwar kowa, kuma ɗalibin da ya faɗi jarrabawa ya yi kwana biyu ba ya walwala bai kamu da wata cuta ba. Matsanancin halin da ake magana a kai shi ne lokacin da abin da ya sami mutum ya fi ƙarfin dabarun da ya saba jure wahala da su, har ya kasa barci, ya kasa cin abinci, ya kasa karatu, ya daina hango mafita, ko ya zama haɗari ga kansa ko ga wani. Wani lokaci abin yakan zo bagatatan, kamar rasuwar mahaifi, ko fyaɗe, ko ganin kisa a gaban ido. Wani lokaci kuma taruwa yake yi a hankali tsawon watanni, har wani ƙaramin abu, kamar tsawar da malami ya daka masa a gaban 'yan aji, ya zama shi ne ya cika mudun. Shi ya sa mutane kan riƙe baki su ce, “A kan wannan ɗan abin?” alhali ɗan abin ya tarar da tulin da babu wanda ya gani.

Alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya sun nuna cewa ɗaya daga cikin kowane yara bakwai masu shekara 10 zuwa 19 yana fama da wata larura ta ƙwaƙwalwa, kuma kusan rabin irin waɗannan larurori suna farawa ne kafin mutum ya wuce shekara 14, wato yana ƙaramar sakandare. Hukumar ta kuma ce mutane fiye da 700,000 ne ke kashe kansu a duniya kowace shekara, mafi yawansu a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaita, kuma wannan shi ne na uku a jerin abubuwan da suka fi kashe masu shekara 15 zuwa 29. Idan aka ɗauki ajin da ke da ɗalibai 70, wanda ba baƙon abu ba ne a makarantun gwamnati, lissafin yana nufin mai yiwuwa akwai kusan goma da ke ɗauke da wani abu, ko malami ya sani ko bai sani ba.

Abubuwan da ke tura ɗalibanmu cikin wannan hali ba ɓoyayyu ba ne. Akwai kuɗin rajista da ya ninka a jami'o'i da dama a 2023, wanda ya bar wasu suna shiga aji da yunwa, wasu kuma suna ɓoye wa iyayensu cewa an hana su zana jarrabawa. Akwai yajin aikin malaman jami'a na wata takwas a 2022, wanda ya sa ɗalibai suka zauna a gida suna kallon shekarunsu na tafiya. Akwai nauyin jarrabawa guda ɗaya da ake ɗora makomar mutum a kanta, kamar yadda aka gani a 2025 lokacin da hukumar JAMB ta amince cewa matsalar na'ura ta ɓata sakamakon ɗalibai kusan 380,000, bayan da yawansu sun riga sun sha faɗa a gida sun kuma yarda cewa su ne ba su da ƙoƙari. A makarantun kwana akwai cin zalin manyan ɗalibai da lalata da ƙananan yara, abin da ake rufewa don kare sunan makaranta. Akwai ɗalibar da malami ya matsa wa lamba yana riƙe da makinta, da wadda aka sa wa ranar auren da ba ta so, da wanda wani ke barazanar watsa hotunansa a intanet, da wanda ya cinye kuɗin makaranta a cacar ƙwallo ya rasa yadda zai faɗa. Shaye-shaye kuma yana shiga ta fuska biyu, domin yakan zama sanadin matsalar, yakan kuma zama maganin da yaron ya haɗa wa kansa don ya samu barci ko ya manta. Rahoton 2018 na binciken da aka gudanar a Najeriya tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi ya ƙiyasta cewa mutum miliyan 14.3 masu shekara 15 zuwa 64 sun yi amfani da ƙwaya a shekarar da ta gabaci binciken.

Alamar da ta fi kowace muhimmanci ita ce canji. Ba shiru ne abin dubawa ba, domin akwai yaran da Allah ya halitta masu shiru. Abin dubawa shi ne mai surutun da ya koma shiru, da mai tsaftar da ya daina wanka, da mai haƙurin da ya zama mai saurin hannu, da wadda ba ta taɓa fashin sallar jam'i ko zuwa majami'a ba ta janye daga kowa. Hausawa sun ce labarin zuciya a tambayi fuska, amma fuskar da aka sani ce kawai ake iya karantawa, kuma wannan ne ya sa malamin ajin da ya san ɗalibansa da sunayensu ya fi kowane ƙwararre daga waje saurin ganewa. Abokan ɗaki sun ma fi shi, domin su ne ke ganin wanda ke tashi tsakar dare yana kuka, da wanda ya daina zuwa ɗakin cin abinci, da wadda ke sa doguwar riga mai dogon hannu a tsakiyar bazara don ɓoye tabon yankan da take yi wa kanta.

A nan akwai wani abu da ya shafe mu musamman. A al'adarmu ba kasafai yaro zai dubi babba ya ce masa yana cikin damuwa ba, domin kunya da kara sun hana, kuma amsar gaisuwa a kullum “lafiya lau” ce ko da mutum yana kan gadon asibiti. Saboda haka damuwar takan fito ta jiki. Ɗalibi zai ce kansa yana zafi, ko wani abu yana yawo a cikin kansa, ko ƙirjinsa ya yi nauyi, ko zuciyarsa tana bugawa, ko idanunsa suna dishi-dishi idan ya buɗe littafi. Tun a 1960 wani likitan ƙwaƙwalwa mai suna Raymond Prince, wanda ya yi aiki a asibitin Aro da ke Abeokuta, ya rubuta bayanin irin waɗannan koke-koke a tsakanin ɗaliban Najeriya: zafi ko motsi a kai da wuya, da kasa fahimtar abin da ake karantawa, musamman idan jarrabawa ta matso. Har yau ɗalibin da ke zarya a ɗakin shan magani na makaranta, ana ba shi maganin zazzaɓin cizon sauro da na taifot sau uku sau huɗu a zango ɗaya ba tare da gwaji ya nuna komai ba, ya cancanci a zaunar da shi a tambaye shi abin da ke faruwa a gida da ɗakin kwana. Ciwon da yake ji na gaske ne, ba ƙarya yake yi don gudun aji ba. Tushen ciwon ne yake wani wuri.

Akwai kuma kalaman da ba a wasa da su. Idan ɗalibi ya fara cewa ya gaji da duniya, ko gara ya huta, ko shi nauyi ne a kan iyayensa, ko ya riƙa neman gafarar mutane ba tare da tafiya a gabansa ba, ko ya rarraba littattafansa da kayan da yake ji da su, ko ya rubuta ban kwana a Facebook ko WhatsApp, to a ɗauki maganar da nauyinta. Ra'ayin da ake yaɗawa cewa mai faɗa ba ya aikatawa kuskure ne, domin da yawa daga cikin waɗanda suka kashe kansu sun nuna alama ko sun faɗa wa wani kafin su aikata. Abin da ya fi ruɗar mutane shi ne natsuwar da kan sauko wa wanda ya daɗe cikin ƙunci ba tare da wani abu ya canza a rayuwarsa ba. Abokai sukan yi murna su ce ya warware, alhali wani lokaci natsuwar ta wanda ya riga ya yanke shawara ce.

Batun iska da aljanu yana bukatar a tsaya a kansa da adalci, domin a makarantun 'yan mata musamman, faɗuwa da ihu da sandarewa abu ne da ke faruwa, har ya bazu daga ɗaliba ɗaya zuwa gommai a rana guda. Ba aikin malamin makaranta ba ne ya yi jayayya da iyaye a kan abin da suka yi imani da shi, kuma addu'a da ruƙiyya ta hanyar da shari'a ta yarda suna kwantar wa mutane da yawa hankali. Abin da ba za a amince da shi ba shi ne a tsaya a nan kaɗai. Farfaɗiya, da zazzaɓin cizon sauro da ya taɓa ƙwaƙwalwa, da sanƙarau, da faɗuwar sukarin jini, da maye, duk suna iya zuwa da ruɗewa da fizge-fizge, kuma wasunsu suna kisa cikin sa'o'i. Duk ɗalibin da hankalinsa ya gushe farat ɗaya, musamman tare da zazzaɓi ko sandarewar wuya ko bayan buguwa a kai, asibiti za a nufa da shi nan take, a yi masa addu'a a hanya. Haka nan yarinyar da take faɗuwa a duk lokacin da hutu ya matso, ko a duk lokacin da wani mutum ya shigo wurin, jikinta yana faɗin abin da bakinta ya kasa faɗa, kuma dukan ta da sunan fitar da aljani zalunci ne a kan zalunci. Mun ga inda rashin mafita ke kai iyaye: a watan Satumba na 2019 'yan sanda sun fitar da mutane fiye da 300 daga wani gidan mari a Rigasa da ke Kaduna, da yawansu da sarƙa a ƙafa, kuma akasarinsu 'yan'uwansu ne suka kai su da hannunsu suna neman gyara.

Haka kuma ba daidai ba ne a ce wa mai ƙunci imaninsa ne ya yi rauni. Alƙur'ani ya ba da labarin Annabi Yaƙub, wanda idanunsa suka yi fari saboda baƙin cikin rabuwa da ɗansa, kuma shekarar da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya rasa matarsa Khadija da baffansa Abu Ɗalib an san ta da shekarar baƙin ciki. Shi ne kuma ya umarci bayin Allah da su nemi magani. Ɗalibin da ya zo da kukansa aka tarbe shi da wa'azin wuta yakan tafi da nauyi biyu, na damuwarsa da na jin cewa Allah ma yana fushi da shi, kuma ba zai sake dawowa ba.

Idan an lura da canji, mataki na gaba shi ne magana, kuma yadda aka fara ta shi ke nuna ko za ta yi nisa. Ba a ofishin malamai ake yin ta ba inda mutum shida ke saurare, ba kuma a ɗaki rufe ba idan malami namiji ne ɗaliba kuma mace. A nemi wurin da ake hango su amma ba a jin su, ko a haɗa ta da malama. A fara da abin da ido ya gani, ba da tuhuma ba: “Ɗana, na lura kwanan nan ba ka shigowa aji, ka kuma rame. Ba faɗa na kira ka in yi maka ba, so nake in ji abin da ke damunka.” Amsar farko kusan kullum “ba komai, Malam” ce, kuma kada wannan ya sa a sallame shi. A yi shiru a ba shi lokaci, idan bai yi magana yau ba a gaya masa ƙofa a buɗe take, sannan a sake nemansa gobe. Idan ya fara magana, mafi wahalar aiki ga malami, wanda sana'arsa bayani ce, shi ne ya riƙe bakinsa. Kada a katse shi da labarin wahalar da aka sha a zamanin da, kada a ce wasu sun fi shi shiga uku, kada a yi saurin cewa “yi haƙuri”. Haƙuri kalma ce mai daraja, amma idan ta zo kafin a gama saurare, abin da yaron ke ji shi ne an ce ya yi shiru.

Tambayar da kowa ke tsoro ita ce ta kashe kai, kuma dole a yi ta kai tsaye idan alamomin sun nuna: “'Yata, wani lokaci idan abu ya yi wa mutum yawa yakan ji gara ya mutu. Tunanin kashe kanki yana zo miki?” Mutane da yawa suna ganin yin wannan tambaya tamkar shuka tunanin ne a zuciyar da babu shi. Masana sun bincika wannan sau da dama, kuma wani nazari da aka wallafa a Ingila a 2014, wanda ya tattara binciken da aka yi a baya, bai sami hujjar cewa tambayar tana ƙara tunanin ba. A wasu lokutan ma raguwa yake yi, domin mutumin ya sami wanda bai firgita da sirrinsa ba. Idan amsar e ce, a ci gaba da tambaya cikin natsuwa: ko ta tsara yadda za ta yi, ko abin yana hannunta, ko ta sa lokaci, ko ta taɓa gwadawa a baya. Wanda ya taɓa yunƙuri ya fi kowa shiga haɗari, kuma wanda yake da tsari da kayan aiki a kusa yana cikin halin gaggawa daidai da wanda jini ke zuba daga jikinsa.

A irin wannan hali abu biyu ne ke ceton rai: kada a bar shi shi kaɗai, kuma a nisanta shi da abin da zai cutar da kansa. Dalili shi ne, tsananin yunƙurin yakan zo ya wuce. Wani bincike da aka yi a ƙasar Ostiriya a 2009 ya gano cewa kusan rabin waɗanda suka tsira daga yunƙurin kashe kai sun ce tsakanin zuwan tunanin da aikatawa bai wuce minti 10 ba. A Amurka kuma, wani masani mai suna Richard Seiden ya bi diddigin mutum 515 da aka hana faɗawa daga wata babbar gada a San Francisco, ya wallafa a 1978 cewa bayan shekaru masu yawa fiye da kashi 90 cikin 100 suna raye ko kuma sun mutu ne ta wata hanya ta daban. Ƙasar Sri Lanka ta haramta magungunan ƙwari mafiya guba, adadin masu kashe kansu ya ragu da kusan kashi 70 cikin 100 tsakanin 1995 da 2015, kuma an ƙiyasta cewa rayuka kusan 93,000 aka ceto. Irin wannan tunani ne ya sa hukumar NAFDAC a 2019 ta taƙaita sayar da ƙananan kwalaben wani maganin ƙwari a kasuwanni da kantuna. Ga makaranta darasin a fili yake: magungunan ƙwari da na ɓera, da sinadaran ɗakin gwaje-gwaje, da magungunan ɗakin jinya, duk a kulle su a hannun mutum ɗaya, kada a bar su a ƙarƙashin gadon ɗalibai da sunan maganin kuɗin cizo. Idan kuma an riga an sha wani abu, kada a ɓata lokaci wajen ɗura manja ko madara ko tilasta amai. A garzaya asibiti da kwalbar a hannu don likita ya san abin da zai yi.

Wurin da malamai na kirki suka fi yin tuntuɓe shi ne alkawarin rufe sirri. Yaron zai ce, “Malam, don Allah kada kowa ya ji,” kuma tausayi zai sa a amsa. Bai kamata a yi wannan alkawari ba idan rai yana cikin haɗari. Abin da ya dace shi ne a gaya masa gaskiya: ba za a baza maganarsa ba, amma ba za a riƙe ta a bar shi ya hallaka ba, sannan a ba shi zaɓin wanda za a faɗa wa da yadda za a faɗa. Sanar da iyaye shi ne ƙa'ida ga ƙaramin yaro, sai dai a fara tambaya ko gidan ne tushen matsalar, domin mayar da yarinya hannun wanda ke lalata da ita, ko kiran uban da zai tarbi labarin da duka, ƙara wuta ne. A irin wannan yanayi a nemi wani babba a dangi da yaron ya amince da shi, kawu ko gwaggo ko kaka, a kuma sanar da jami'an jin daɗin jama'a. Idan an zauna da iyaye, a fara da nuna musu cewa ba ƙara aka kawo ba: “Baba, ba laifi ya yi ba, ba shi da lafiya ne, kuma muna so mu haɗa hannu da ku.”

Malami ba likita ba ne, kuma kuskure ne ya ɗauki kansa a matsayin mai warkarwa. Jagorar taimakon farko ga masu firgici da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2011 ta taƙaita aikin a abu uku, wato dubawa, da saurare, da haɗa mutum da inda zai sami taimako. Na ukun ne ya fi ba mu wahala. Ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Najeriya ta sha bayyana cewa mambobinta da ke aiki a ƙasar ba su kai 300 ba, ga al'umma fiye da miliyan 200. A Arewa akwai asibitocin ƙwaƙwalwa a Barnawa da ke Kaduna, da Kware a Sakkwato, da Maiduguri, da Dawanau a Kano, akwai kuma sassan kula da ƙwaƙwalwa a asibitocin koyarwa irin na Malam Aminu Kano da na Shika, amma ɗalibin da ke makarantar ƙauye yana iya yin tafiyar yini kafin ya kai ɗaya daga cikinsu. Manufar ilimi ta ƙasa tun 1977 ta ambaci samar da malaman ba da shawara a makarantu, sai dai a wurare da yawa wanda aka ba muƙamin yana koyar da darussa cikakku, ba shi da ɗaki, kuma ɗalibai sun san ofishinsa ne a matsayin inda ake tura masu laifi. Duk da haka akwai abin da kowane shugaban makaranta zai iya yi ba tare da jiran kasafin kuɗi ba: ya san asibiti mafi kusa da ke da ma'aikacin jinya ko likitan da ya sami horo a wannan fanni, ya karɓi lambarsa tun kafin bukata ta taso, ya ayyana malami namiji da mace da ɗalibai suka yarda da su, ya kuma tanadi motar da za a yi amfani da ita da dare. Ƙasar Zimbabwe ta nuna cewa rashin likitoci ba ya nufin rashin mafita, inda likita Dixon Chibanda ya horar da tsofaffin mata su zauna a kan benci a harabar ƙananan asibitoci suna sauraren masu damuwa bisa tsari, kuma gwajin da aka wallafa a 2016 ya tabbatar da cewa waɗanda suka zauna da su sun fi samun sauƙi.

Doka ma tana da nata laifin wajen sa mutane ɓoyewa. Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa a watan Janairu na 2023, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958 ta kuma amince da haƙƙoƙin marasa lafiya, amma dokokin hukunta laifuffuka da aka gada sun ɗauki yunƙurin kashe kai a matsayin laifi: sashe na 231 na kundin Arewa da sashe na 327 na kundin Kudu duk sun tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara ɗaya. Majalisar dokokin Ghana ta soke irin wannan tanadi a 2023. Ina ganin ita ce ta yi daidai, domin tsoron 'yan sanda yana sa iyaye da makarantu su ɓoye yaro a ɗaki a lokacin da kowane minti yake da muhimmanci. Makarantar da ta kori ɗalibi saboda ya yi yunƙurin hallaka kansa ita ma wannan hukuncin take zartarwa, ta kuma koya wa sauran ɗalibai cewa duk wanda ya faɗi damuwarsa zai rasa karatunsa.

Akwai kuma lokacin da masifar ta faɗa wa makaranta gaba ɗaya, kamar sace ɗalibai fiye da 300 a Ƙanƙara a Disamba 2020, da 279 a Jangebe a Fabrairu 2021, da na Kuriga a Maris 2024. Bayan an gama hotuna da jawabai, yaran sukan koma gida da mafarkai masu firgitarwa, da razana idan sun ji ƙarar babur, da fitsarin kwance ga waɗanda suka daɗe da dainawa. Ba a tilasta wa irin waɗannan yara su maimaita labarin abin da ya faru a gaban jama'a ko 'yan jarida, kuma masana sun daina ba da shawarar tara mutane a sa kowa ya amayar da abin da ya gani a zama ɗaya. Abin da ya fi taimako a makonnin farko shi ne aminci, da abinci, da barci, da kasancewa tare da iyaye, da komawa ga tsarin yau da kullum a hankali. Mafi yawansu za su farfaɗo da wannan, amma wanda ya wuce wata guda alamomin ba su ragu ba, ko suna ƙaruwa, yana bukatar ƙwararre. A kuma tuna da waɗanda suka tsere a lokacin harin, da 'yan'uwan waɗanda aka sace, domin su ba a cika sa su a lissafi ba.

Idan ɗalibi ya dawo daga jinya, makonnin farko suna da haɗari, kuma a lokacin ne ake bukatar wanda zai riƙa tambayarsa a kai a kai, da sassauci a kan ayyukan da suka wuce shi, da tsawatar wa masu kiransa mahaukaci. Idan kuma abin da ake gudu ya faru aka rasa ɗalibi, yadda makaranta ta sanar da labarin yana iya kare wasu ko ya jefa su cikin haɗari, domin an tabbatar cewa yaɗa bayanin hanyar da aka bi, da hotuna, da wasiƙar ban kwana, yana jan masu rauni su kwaikwaya. A birnin Vienna, bayan jaridu sun amince a 1987 su daina bayar da irin waɗannan labarai dalla-dalla, adadin masu kashe kansu a tashoshin jirgin ƙasa na birnin ya faɗi ƙwarai cikin watanni. Saboda haka a faɗa wa ɗalibai gaskiya a taƙaice aji-aji, ba a filin taro ba, a roƙe su kada su tura hotuna, kada a zagi mamacin kuma kada a mayar da shi gwarzo, sannan a sa ido a kan abokansa na kusa da wanda ya fara ganin gawar. Malamin da ya yi ta fama da yaron shi ma yana bukatar wanda zai zauna da shi, domin yakan kwana yana tuhumar kansa a kan alamar da bai gani ba, kuma shugaban makaranta ne ya kamata ya fara nemansa, ya rage masa aiki na wasu kwanaki, ya haɗa shi da ƙwararren da aka kira domin ɗalibai.